Matatar As-Samra: Yadda Jodan Ke Mayar Da Ruwan Ƙazantar Birni Ruwan Noma

Duk birnin da Allah Ya yi wa albarkar jama'a, har gidaje suka haɗe da gidaje, unguwanni suka tsallake tsohuwar iyaka suka ci gonaki, lalle akwai lissafi biyu a wuyan mahukuntansa: inda za a samo ruwan da mutane za su sha, da inda za a kai ruwan nan bayan an gama wanka da wanki da kewayawa da shi. Na farkon ba ya ɓuya ga kowa, gama ranar da famfo ya ƙafe ba sai an yi shela ba; na biyun kuwa, da yake ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, ba a cika tunawa da shi ba sai ran da ɗoyi ya tashi, ko kogi ya sake kama, ko amai da gudawa suka sauka a gari. Ƙasar Jodan, wadda Larabawa ke kira Urdun, ƙishirwa ta tilasta mata ta haɗa lissafin nan biyu wuri guda, wurin kuwa shi ne As-Samra, wani fili a bakin hamada arewa maso gabas da birnin Amman, inda matatar ruwan ƙazanta mafi girma a ƙasar take. Tarihin wannan matata, yadda aka gina ta, ta cika ta tumbatsa, aka sake ta, aka kuma faɗaɗa ta, ya isa ya nuna wa mai hankali abin da aikin faɗaɗa matata ya ƙunsa, da dalilin da ya sa ba a taɓa cewa an gama shi.

Ƙasa mai ƙishirwa, birni mai baƙi

Masana harkar ruwa suna da ma'aunin da suke gane ƙasa mai ƙishirwa da shi: in aka raba ruwan da ke sabuntuwa a ƙasar kowace shekara, na koguna da na ƙarƙashin ƙasa, aka tarar rabon mutum guda bai kai kubik mita 500 ba, to, ƙasar ta shiga matsanancin ƙaranci. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ke nan, watau jarka 40 mai cin lita 25. Rabon mutumin Jodan bai cika ko kubik mita 100 ba, kuma a ciki za a fitar da na noma da na masana'antu kafin a zo ga na tukunya. Saboda haka yawancin unguwannin Amman sau ɗaya a mako ake sako musu ruwa, duk wanda ya hango birnin daga kan tudu kuwa zai ga rufin gidaje cike da tankuna, kowane magidanci yana tara abin da zai kai iyalinsa zagayowar ranar, uwargida kuma tana ajiye babban wanki sai ranar ruwa.

A kan wannan ƙaranci ne Allah Ya jarrabi ƙasar da yawan baƙi. Amman ƙaramin gari ne sa'ad da aka mai da shi fadar mulki a 1921, amma Falasɗinawa suka yi hijira zuwa gare shi a 1948, suka sake kwararowa a 1967. Rikicin Kuwait na 1990 da 1991 ya koro mutane wajen 300,000 da ke zaune a ƙasashen Tekun Fasha. Yaƙin Iraƙi na 2003 ya kawo nasa. Daga 2011 kuma mutanen Siriya suka fara tsallako iyaka da iyalansu. Da aka yi ƙidaya a 2015 aka sami mutum miliyan 9.5 a ƙasar, miliyan 4 daga ciki a lardin Amman kaɗai. Injiniya yakan tsara matata bisa ga yadda haihuwa ke ƙara jama'a sannu a hankali, alhali kuwa jama'ar Jodan da dare ɗaya takan ƙaru, duk ran da wuta ta kama gidan maƙwabci.

Tafkunan da suka cika

Matatar farko ta Amman an gina ta a Ain Gazal a ƙarshen shekarun 1960, ba a daɗe ba kuwa birnin ya fi ƙarfinta. A 1985 sai hukuma ta juya akalar ruwan zuwa As-Samra ta cikin bututu mai tsawon fiye da kilomita 30, inda aka haƙa jerin tafkuna a fili mai faɗin kusan hekta 200, aka yi musu lissafin karɓar kubik mita 68,000 kowace rana. Hikimar irin waɗannan tafkuna ita ce a bar rana da iska da lokaci su yi aikin da injin zai yi: ruwa ya fara sauka a tafkuna masu zurfi, inda dauɗa mai nauyi ke kwantawa ta ruɓe, ya wuce zuwa marasa zurfi, inda gansakuka ke ba ruwan iska, ƙananan halittu su cinye sauran dauɗar, daga ƙarshe ya zauna a masu faɗi, hasken rana ya kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Dabara ce mai araha, ta dace da ƙasar zafi mai wadatar fili, amma tana da sharaɗi guda wanda in ya faɗi ita ma ta faɗi, shi ne ruwan ya sami zama na makonni kafin ya fita.

Wannan sharaɗi ne yawan jama'a ya karya. Cikin 'yan shekaru abin da ke shigowa ya wuce lissafi, zuwa farkon shekarun 2000 ya kusa ninka shi sau uku, kuma da yake tafki ba ya iya hana sabon ruwa tura tsoho, kwanakin zaman suka ragu ƙwarai, ruwan ya riƙa fita da rabin dauɗarsa. Ƙauyukan da ke kewaye suka zauna cikin ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Zafin hamada yana ƙafar da wani kaso na ruwan, gishirin da ke cikin saura yana daɗa kauri. Abin da ya tsira kuwa ya gangara Wadi Dulail, ya shiga Kogin Zarƙa, ya taru a madatsar Sarki Talal, wadda aka gina a shekarun 1970 domin manoman Kwarin Jodan. Ta haka gazawar matata guda ta zama musibar mai gona da ke nesa da ita da tafiyar kilomita masu yawa, wanda watakila bai taɓa sa ƙafarsa a As-Samra ba.

Yadda sabuwar matata ke aiki

A 2003 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da gamayyar kamfanoni, a cikinsu akwai Suez na Faransa da Morganti, bisa sharaɗin su gina sabuwar matata mai injuna, su gudanar da ita har shekara 25 tun daga ƙulla alkawari, ana biyansu ladan tacewa, sa'an nan su miƙa ta ga hukuma. Hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta ba da gudummawa, bankuna ƙarƙashin jagorancin Arab Bank suka ba da rance, aka buɗe matatar a 2008 da ikon tace kubik mita 267,000 a rana.

Mai son ya fahimci aikin sai ya bi ruwan tun daga ƙofa. Abu na farko da yake tararwa raga ce ta ƙarfe, wadda ke tare abin da bai kamata a ce ya shiga magudana ba tun farko, tsumma da leda da gashi da tarkacen roba, ana kwashe su a kai juji. Sa'an nan a rage masa gudu don yashi da tsakuwa su kwanta, kada su ci haƙoran injuna. Daga nan ya shiga manyan tankuna ya natsu, laka ta sauka ƙasa, maiƙo ya taso sama a yaɗe shi. Har yanzu dai ruwan najasa ne, domin mafi yawan dauɗarsa ta narke a ciki, babu rariyar da za ta kama ta, a nan ne kuma ake miƙa aikin ga wasu bayin Allah da ido ba ya gani. A tankunan da ke biye ana hura iska daga ƙasa dare da rana, ruwan ya yi launin ƙasa-ƙasa yana ɓulɓulowa, ƙwayoyin bakteriya marasa adadi suna cin dauɗar da ta narke, suna hayayyafa, suna dunƙulewa su zama ɓarɓashi mai nauyi. A wani sashe na tankin akan hana su iska da gangan, don su koma kan sinadarin naitirojin da ke zuwa daga fitsari da bayan gida, su sake shi ya tashi sama. In ba haka ba, da ya isa madatsa sai ya zama taki ga gansakuka, ta rufe ruwan, kifi ya rasa numfashi.

Bayan wannan sai ruwan ya shiga wasu tankuna masu da'ira, inda wani dogon hannu na ƙarfe ke kewayawa a hankali yana tattara lakar da ta kwanta, ruwa garau yana malalowa ta baki. Lakar nan ba duka ake fitarwa ba. Akan komar da kaso mai yawa zuwa tankin iska, kamar yadda mai nono ke rage ɗan kindirmon jiya ta zuba a madarar yau don ta kama, gama a cikinta ma'aikatan suke, raye kuma da yunwa. A ƙarshe a sa wa ruwan kulorin ya kashe ragowar ƙwayoyin cuta, sa'an nan a sake shi. Abin da tafkuna ke bukatar makonni su yi, a nan cikin kwana guda ko makamancin haka ake gama shi, a kan fili kaɗan, amma da tsadar wutar lantarki da bukatar ƙwararrun da ba sa barin wurin, domin halittun nan in iska ta yanke musu na wani lokaci mutuwa suke yi, farfaɗo da su kuwa sai an yi makonni.

Dalilin faɗaɗawa

Tun kafin sabuwar matata ta cika shekara biyar aka soma aikin ƙara mata girma, ba kuwa don an yi kuskuren lissafi kaɗai ba. Akwai sababi uku da suka haɗu. Na ɗaya ƙaruwar jama'a, wadda hijirar mutanen Siriya ta zo ta daɗa wa sauri. Na biyu aikin Disi, bututun da ya ɗauko ruwan ƙarƙashin ƙasa daga kudancin ƙasar, tafiyar kilomita 325, aka buɗe shi a 2013 don ya riƙa kawo kimanin kubik mita miliyan 100 a shekara. Duk ruwan da aka shigar birni kuwa, mafi yawansa ta magudana zai fita, saboda haka wanda ya ƙara wa gari ruwan sha ya ƙara wa matata kaya, ko ya nufa ko bai nufa ba. Na uku shimfiɗa sababbin bututun ƙazanta a lardin Zarƙa, domin gidajen da a da ke dogara da ramin masai, suna biyan motar kwasa in ya cika, su ma a haɗa su da magudanar gari.

Akwai kuma wata mas'ala da ta keɓanci ƙasashen ƙishirwa. Tun da mutumin Amman da ruwa kaɗan yake biyan bukatunsa, dauɗar da yake zubarwa ba ta samun abin da zai tsinka ta, sai ruwan ƙazantar ya iso matata da kauri, ya ninka na biranen Turai ƙarfi. Ma'anar wannan ita ce kowace kubik mita tana bukatar iska mai yawa, tana kuma barin laka mai yawa. Don haka da aka yi aikin faɗaɗawa tsakanin 2012 da 2015, aka ɗaga ikon tacewa daga 267,000 zuwa kimanin 365,000 a rana, ƙarin da aka yi wa sashen laka ya fi na sashen ruwa girma, har aka kawo injunan matse ta don rage mata ruwa da nauyi. Duk wannan an yi shi ne matatar tana kan aiki, gama babu yadda za a ce wa birni mai miliyoyin mutane ya dakata da kewayawa har magina su gama.

Kuɗin ma an yi masa tadbiri. A 2010 Jodan ta sa hannu a yarjejeniyar tallafi ta dala miliyan 275 da wata hukumar Amurka mai suna MCC, aka ware miliyan 93 domin As-Samra, sauran aka zuba a gyaran bututun ruwan sha da na ƙazanta a Zarƙa. Tallafin nan bai biya aikin duka ba. An sa shi ne ya rage nauyin bashi, yadda ladan tacewa ba zai fi ƙarfin talaka ba, kamfanonin suka sa jarinsu, bankunan cikin gida suka ba da rance mai dogon wa'adi da dinarin ƙasar, aka kuma tsawaita riƙon matatar zuwa 2037. Fa'idar wannan tsari ita ce wanda ya gina shi zai riƙe, kuma abincinsa yana rataye da ingancin ruwan da ya fitar. Mutumin da ya san shi zai kwana da injin shekara ashirin ba ya sayen na banza.

Wuta daga laka, ruwa zuwa gona

Babban abin da ke durƙusar da matatu a ƙasashe masu tasowa shi ne kuɗin lantarki, a nan kuwa As-Samra ta yi abin da ya sa sunanta ya fita duniya. Lakar da aka tattara ana zuba ta a manyan rufaffun tankuna, a ɗumama ta daidai da ɗumin jikin mutum, wasu ƙwayoyin halitta da ba sa son iska su ruɓar da ita cikin makonni, su fid da gas mai kamawa da wuta, a tara shi a juya janareta. Har ila yau, da yake Amman a kan tuddai take, As-Samra kuma tana ƙasa da ita, ruwan yakan iso da ƙarfin gangara, sai aka ɗora injunan da ƙarfin nan ke juyawa a mashiga, aka ɗora wasu a mafita. Tsakanin gas da gangara matatar tana samar wa kanta kimanin kashi 80 cikin 100 na wutar da take ci.

Wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan ƙazantar da ake tacewa a Jodan ta nan yake bi, abin da ke fita kuwa ya haura kubik mita miliyan 100 a shekara, watau kimanin ushirin ruwan da ƙasar ke amfani da shi. Yana bin tsohuwar hanyarsa, Kogin Zarƙa zuwa madatsar Sarki Talal, ya gauraya da ruwan sama, a sake shi ga gonakin Kwarin Jodan, inda ake noma lemo da ayaba da dabino da tumatir da kokwamba, galibi da siraran tiyo masu ɗigar da ruwa a gindin shuka. Asirin lamarin musaya ce: gwargwadon tataccen ruwan da manomi ya karɓa, gwargwadon ruwa mai daɗi da za a ɗebe daga Magudanar Sarki Abdullahi, babbar hanyar ruwan ban gonakin kwarin, a tura shi sama zuwa Amman domin sha. Rijiya tana ja baya in jama'a sun yi yawa, kogi ma haka. Tataccen ruwan ƙazanta kaɗai ne mashayar da ke ƙaruwa tare da ƙaruwar mutane.

Duk da haka ba a ce an tsira daga kowace illa ba. Irin wannan tacewa ba ta cire gishiri, manomi kuwa dole ya lura da abin da zai shuka da yadda zai wanke ƙasarsa, in ba haka ba gona ta yi kanwa. Lakar da ta rage bayan an cire gas tana taruwa tuli-tuli, neman inda za a kai ta ko a amfane ta yana nan yana cin tunanin hukuma. Sa'an nan masana'antar da ta saki gubarta a magudana a ɓoye tana iya halaka ƙwayoyin da matata ke taƙama da su, abin da ke nuna cewa tsabtar mafita tana farawa ne daga tsaron mashiga.

Hukuncin malamai

Musulmi ba ya jin labarin nan bai tambayi hukunci ba. Abin da ɗalibi ke fara koya a babin tsarki shi ne ruwa yana fita daga tsarkinsa in najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. A kan wannan asali ne Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta gina fatawarta a 1978, inda ta tafi a kan cewa ruwan ƙazanta in an tace shi cikakkiyar tacewa, har alamun nan uku suka gushe bisa shaidar amintattun masana, to, ya koma ga asalinsa na tsarki, domin hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa. Sai dai ta sharɗanta rashin cutarwa ga sha, ta kuma fifita a kauce wa shansa in da hali. Ruwan As-Samra dai ba domin sha aka tace shi ba, domin ban ruwa ne, amma fatawar ta sauƙaƙa wa zukata karɓar amfanin gonar da aka shayar da irinsa.

Mutumin Kano ba baƙo ba ne ga rabin wannan labari. Rafin Jakara yana kwasar ruwan kwatamin birni, ya haɗu da rafin Getsi mai fitowa daga wajen masana'antun Bompai, su nufi madatsar Wasai, a gefensu kuwa masu lambu suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da rani. Manoman nan sun riga kowa gane cewa ruwan birni dukiya ce. Abin da ya rage tsakaninsu da takwarorinsu na Kwarin Jodan shi ne matatar da za ta tsaya tsakanin kwata da lambu.

Faɗaɗawar 2015 an yi mata lissafi ne ta ɗauki kimanin mutum miliyan 3.5, ta kai ƙasar zuwa 2025, kuma tun ana aikin aka san wa'adi ne mai zuwa. Tafkunan 1985 ba mugun gini ne ya kashe su ba, jinkiri ne, gama an ga ruwa yana wuce lissafi shekara bayan shekara, ba a ɗora tubalin magajiyarsu ba sai bayan kogi ya lalace. Tsara matata da neman kuɗinta da gina ta yakan ci shekara biyar ko fiye, jama'a kuwa ba sa jira, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Saboda haka alhakin da ke kan duk hukumar da aka ba amanar birni shi ne ta riƙa auna abin da ke shiga matatarta kowace rana, ta gwada shi da abin da aka gina ta ta ɗauka, ta tanadi fili da kuɗi tun tazarar tana da faɗi, ta kuma sa ladan masu riƙo da kuɗin gyara a kasafi kafin ta sa ranar bikin buɗewa.